Gidan kiɗan jaz a Wudil: Riba za a ci ko uwar kuɗi ce za ta narke?

Babu wanda ya san Wudil da zai ce garin ba kuɗi. Duk ranar Juma'a tireloli na layi a Kara suna lodin shanu zuwa kudancin ƙasar nan, miliyoyin naira na sauya hannu tsakanin makiyaya da dillalai da mahauta kafin la'asar ta yi.

Ga babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa garin ta kan gada. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ta ƙasa. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum 185,189, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi.

Amma idan dare ya yi, wanda yake son ya zauna a kujera ya saurari makaɗa suna kiɗa a gabansa, alhali ba biki ake ba, ba kuma taron siyasa ba, zai sha wuya kafin ya samu wurin zuwa. Abin da ya fi samuwa shi ne teburin mai shayi, da gidan kallon ƙwallo, da majalisar ƙofar gida.

Irin wannan giɓi ne ke sa mai ɗan jari a hannu, ko matashin da ya gama jami'a ne ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ya fara tunanin abin da yake gani a YouTube: ƙaramin zaure mai dishi-dishin haske, makaɗa huɗu ko biyar, mutane na zaune shiru suna saurare. Wato gidan kiɗan jaz.

Shin idan aka kafa irinsa a Wudil zai mayar da kuɗin da aka zuba masa?

Idan a yadda ake gudanar da shi a Amurka da Turai ne, amsar ita ce a'a. Kuma dalilin bai shafi ko mutanen Wudil sun san daɗin kiɗa ko ba su sani ba.

Jaz ba baƙo ba ne can-can

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa za su ɗauki wani kiɗa da dukkansu suka sani, sai mai busa ƙaho ya ware ya yi nasa salon ya dawo, mai fiyano ya karɓa, mai ganga ya ba da amsa. Kiɗan daren jiya ba ya zama daidai da na yau.

Wanda ya taso yana jin Mamman Shata ba zai ga wani sabon abu a nan ba. An san Shata da shirya waƙa a tsaye a gaban jama'a, 'yan amshi na karɓa, kalangu na mayar masa da martani. Haka Garba Supa da Hassan Wayam ke sa kukuma ta yi magana tsakanin baiti da baiti. Masana ma na danganta asalin banjo, wadda aka yi amfani da ita a jaz na farko, da dangin molo da gurmi na Afirka ta Yamma.

Jaz ɗin kansa ya taɓa takowa Arewa. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong ya zo Najeriya, har akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Daga baya Bala Miller, ɗan Zariya, ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa mai ƙahoni da jita, yana waƙa da Hausa, ana nuna shi a talabijin na NTA. A Kano kuma wata ƙungiyar jaz daga Faransa mai suna Mezcal Jazz Unit ta haɗa kiɗa da mata masu shantu, har suka fitar da faifai.

Sai dai kusan duk waɗannan akwai mai ɗaukar nauyi a bayansu, ko kamfani, ko gidan talabijin, ko cibiyar al'adun wata ƙasa. Kamfanin Pepsi da gwamnatin Amurka ne suka ɗauki nauyin rangadin Armstrong a Afirka. Mai gidan kiɗa a Wudil ba shi da irin wannan uban gida. Aljihunsa ne zai biya.

Ina ribar take fitowa?

Akwai gidajen jaz da suka daɗe suna ci. Village Vanguard na birnin New York ya buɗe tun 1935, kuma kujerunsa 123 ne kacal. Ronnie Scott's na Landan ya fara a 1959. Amma waɗannan birane ne masu miliyoyin mutane da baƙi 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa takanas domin su ce sun shiga.

Duk da haka, ko a can ba kiɗan ne ke ciyar da gidan ba. Yawancin kuɗin ƙofa makaɗa ne ke tafiya da shi. Mai gida yana rayuwa ne da abin da aka ci aka sha, musamman giya, wadda ribarta ke ninka kuɗin sarinta. Shi ya sa gidaje da yawa a New York ke gindaya sharaɗin cewa bayan tikiti, dole mai shiga ya sayi abin sha.

Kuma ko da giyar, da ƙyar ake sha. Ƙungiyar Music Venue Trust, mai bin diddigin ƙananan gidajen kiɗa a Birtaniya, ta ce a 2023 gidaje 125 ne suka rufe ko suka daina kawo makaɗa. Kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka rage asara suka tafka, kuma matsakaiciyar ribar harkar gaba ɗaya ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Wato a duk fam 200 da ya shigo, fam ɗaya ne riba.

To a Wudil wannan ginshiƙin ma babu shi. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, dokar jihar ta haramta sayar da giya, kuma Hukumar Hisbah ta sha farfasa kwalaben da ta kama a bainar jama'a. A watan Nuwamban 2013 kaɗai kwalba 240,000 aka murƙushe a rana ɗaya. Ko da babu doka, mutanen garin ba za su lamunta ba. Saboda haka duk wani lissafi da aka kwafo daga intanet, wanda ya ɗora ribar gida a kan abin sha mai bugarwa, ba shi da amfani a nan.

Akwai gidajen jaz da ke rayuwa ba tare da giya ba, kuma su ne suka fi cancantar a duba. Preservation Hall na New Orleans, wanda aka kafa a 1961, ba ya sayar da abin sha ko abinci. Amma yana yin gajerun wasanni da yawa a dare ɗaya, wasu su fita wasu su shiga, akasarinsu baƙi ne daga wasu garuruwa da ƙasashe. Ƙungiyar makaɗansa kuma na zagaya duniya tana kawo kuɗi.

A Japan akwai shagunan shan kofi da ake kira jazz kissa, inda mai shago ke sanya faifan garmaho a manyan sifiku, mutane na kurɓa suna saurare. Babu makaɗin da za a biya. A Legas, Jazzhole da ke Ikoyi kantin littattafai da faya-fayai ne da kofi, wasan makaɗa sai jefi-jefi.

Kowannensu ya samo wata haja da yake sayarwa kullum, kiɗan kuma shi ke jawo mai saye. Ko Fela Kuti, da ya dawo daga Landan a 1963 da niyyar yin jaz zalla, bai samu kasuwa a Legas ba sai da ya gauraya shi da kiɗan da mutanensa ke rawa da shi, daga baya ya koma waƙa da Turancin Buroka.

A zo a buga lissafi

Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai na yadda ake lissafin, ba farashin kasuwa ba. Kowa na iya cire su ya sa nasa.

A ƙaddara an samu zaure mai kujera 80. Makaɗan jaz sai dai a ɗauko su daga Kano, mai nisan kimanin kilomita 40, ko ma daga Kaduna ko Jos, domin masu iya busa ƙahon Turawa a Arewa galibi a coci suke ko cikin 'yan badujalar soja da 'yan sanda. A ce su biyar ne, kowa ya karɓi naira 20,000, an samu 100,000 ke nan. Motar da za ta kawo su da kayansu ta mayar da su, naira 30,000. Hayar sifiku da makirufo da mai kula da su, 40,000. Man janareta na awa biyar, 15,000. Ma'aikata da masu gadi, 25,000. Kason wannan daren daga kuɗin haya da lasisi da haraji, 15,000.

Jimla naira 225,000 kafin mutum ɗaya ya shigo.

Idan tikiti naira 1,500 ne kuma zauren ya cika maƙil, an tara 120,000. A ce kowane mutum ya kashe naira 2,000 a shayi da tsire ko gasasshen kifi, kuma kashi ɗaya cikin uku na wannan riba ce, an ƙara kimanin 53,000. Duka-duka 173,000. Da sauran ramin naira 52,000, kuma a daren da babu kujera ko ɗaya da ta kwana ba kowa.

Idan rabin zauren ne ya cika, wanda shi ya fi kama da gaskiya bayan ɗokin makonnin farko ya wuce, abin da zai shigo bai wuce 87,000 ba. Asarar dare ɗaya ta zama 138,000. A yi haka sau huɗu a wata, an haura rabin miliyan. Ba a ma yi maganar kuɗin gyaran zaure da kujeru da janareta da fankoki ba, waɗanda aka riga aka kashe tun kafin a buɗe ƙofa.

Mai karatu zai ce to a ƙara kuɗin tikiti mana. Kafin tikiti shi kaɗai ya biya naira 225,000 a zaure mai cike, sai ya kai kusan 2,800. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, wato bai kai 2,400 a rana ba. Ana neman mutum ke nan ya ba da abin da ya fi guminsa na yini guda don ya saurari kiɗan da babu waƙa a cikinsa.

Matsalar ba ta Wudil kaɗai ba ce. Tun 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka yi bayaninta. Masaƙa na iya sayen inji ta rage ma'aikata, amma kiɗan da mutum biyar suka yi a zamanin Armstrong, yau ma mutum biyar ne za su yi shi, kuma cikin lokaci iri ɗaya. Kuɗin abincinsu da na motarsu na hawa, abin da suke samarwa bai ƙaru ba.

Mai gidan kallon ƙwallo ya tsira daga wannan. Talabijin ɗaya ko biyu, kuɗin DStv na wata, benci da janareta. 'Yan wasan Real Madrid ba sa karɓar ko sisi daga hannunsa, kuma ba sai ya biya musu kuɗin mota ba. Haka mawaƙin zamani da zai je biki da waƙoƙinsa a filashi, shi kaɗai da mai sifika sun wadatar. Da waɗannan mai gidan jaz zai yi gogayya a kan 'yan ɗaruruwan nairar da matashi ya ware don nishaɗi.

Ga kuma man fetur. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. Gidan da sana'arsa ta dogara da sifika da haske ba zai jira wutar KEDCO ba, kuma sola mai iya ɗaukar wannan nauyi da dare jari ne na daban.

Su wa za su cika kujerun?

Ido na fara sauka ne a kan ɗaliban jami'a, kuma da gaskiya. Jami'ar, wadda ta fara aiki a 2001 kuma aka sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a 2022, ta tara matasa daga sassa daban-daban, masu waya a hannu da kunnen da ya saba da kiɗan duniya. Amma ɗalibi mai sha'awa ne marar kuɗi. Ranar da zai zaɓa tsakanin tikiti da kuɗin data ko na abincin gobe, an san wanda zai ɗauka.

Sannan ɗalibi ba mazauni ba ne. Lokacin jarrabawa ba ya fita, lokacin hutu ya bar gari. Yajin aikin ASUU na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk mai shagon da ke kusa da jami'ar gwamnati ya san yadda irin wannan ke kashe kasuwa. Kuɗin haya kuwa ba ya tafiya yajin aiki.

Ɗaliban makarantar 'yan sanda suna ƙarƙashin dokar bariki, ba sa fita yadda suka ga dama. Malamai da manyan ma'aikata, waɗanda su ne masu albashin da zai iya sayen tikiti, da yawansu a Kano suke kwana. Samun wanda zai taso daga Kano da dare ya bi wannan hanya mai cike da manyan motoci don ya ji kiɗa ya koma, sai an tona.

A cire watan azumi gaba ɗaya. A rage wasu darare na damina idan filin a buɗe yake. Shekarar mai gidan kiɗa a Wudil da wuya ta kai wata takwas na ciniki, amma wata 12 zai biya haya da mai gadi.

Masu kuɗin gaske su ne mutanen Kara. Su kuma tarihi ya riga ya faɗi kiɗan da suke so, domin kalangu tun asali kiɗan mahauta ne. Dillalin da ya sayar da shanu 20 ba zai zauna shiru yana gyaɗa kai ga mai ƙaho ba. So yake a ambaci sunansa da na mahaifinsa da garinsu, a faɗi kirarinsa, ya miƙe ya yi liƙi. Wani abin lura kuma, baƙin kasuwa na kwana a gari ne daren Juma'a, daren da mutane da yawa ke ware wa ibada, kuma kiɗa a cikinsa zai jawo magana. Da kasuwa ta watse kuwa kowa ya kama hanya.

Kuɗin na makaɗi ne, ba na mai zaure ba

A nan ne tsarin Bahaushe ya sha bamban da na Bature, kuma duk wanda bai gane shi ba zai yi asara ko da zaurensa na cika.

A ƙasar Hausa ana kashe maƙudan kuɗi a kan kiɗa. Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge sun samu motoci da kuɗi da sutura daga hannun masoyansu. Mawaƙan siyasa na yau na samun abin da ya fi haka. Amma kuɗin daga hannun wanda aka wasa yake fita kai tsaye zuwa goshin wanda ya wasa shi. Ba ya bi ta ƙofa. Mutumin da zai yi ƙorafi a kan tikitin naira 1,000 shi ne zai liƙa 20,000 cikin minti biyar idan aka kira sunansa, domin tikiti ba wanda ya ga ya saya, liƙi kuwa a gaban kowa ake yi.

Jaz zalla ba ya kiran sunan kowa. Bahaushe kuma, ko da yake yana son kiɗa, magana yake bi. Idan aka tambayi mutum wace waƙar Shata yake so, baitin zai kawo, da wuya ya fara da salon kalangun. Saboda haka gidan jaz zai rasa kuɗin giya irin na Turai, ya kuma rasa kuɗin liƙi irin na gida.

Yamai, babban birnin Nijar, ta nuna cewa kiɗan kai tsaye na iya ciyar da mutane a wannan yanki. Ƙungiyar Tal National, wadda wani alƙali da aka fi sani da Almeida ke jagoranta, ta yi suna da yin wasa dare biyar a mako, na awa biyar a jere, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Mambobinta na da yawan da sukan rabu biyu su yi wasa a wuri biyu lokaci guda, kuma faifansu Kaani na 2013 ya kai su Turai da Amurka. Sai dai kiɗan rawa suke yi da harshen masu saurare, suna zuwa bukukuwa, kuma dokokin Yamai ba irin na Kano ba ne.

Lasisi da maƙwabta

Ko lissafi ya fita, takarda na iya rufe gida a dare ɗaya. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke ba wuraren nishaɗi lasisi, kuma tana ƙwacewa. A 2025, ƙarƙashin shugabancin Abba El-Mustapha, ta soke lasisin wasu gidajen gala a birnin Kano bisa zargin saɓa tarbiyya, ta kuma haramta bikin Ƙauyawa Day da ake yi a gidajen biki. Hisbah, wadda aka yi wa doka a 2003, na da ofisoshi a ƙananan hukumomi, kuma cakuɗuwar maza da mata da dare na daga cikin abubuwan da take sa wa ido.

Wannan ya jefa mai gida tsaka mai wuya. Idan ya hana mata shiga, ya yanke rabin kasuwarsa. Idan ya bari aka gauraya har tsakar dare, ya gayyato sumame.

Suna kaɗai na iya kashe shi. Kalmar kulob ko gidan rawa na ɗauke da tarihin da ba a manta ba, kuma huɗubar Juma'a ɗaya ta isa ta sa iyaye su hana 'ya'yansu zuwa. Gwamnatin Tarayya da kanta ta janye shirin gina dandalin fina-finai na naira biliyan uku a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, bayan malamai sun yi masa ca. Abin da ya kayar da aikin biliyan uku ba zai sha wahala da zaure mai kujera 80 ba.

A gari kamar Wudil, inda kowa ya san kowa, yardar mai unguwa da dagaci da limamin masallacin kusa ta fi takardar lasisi nauyi. Wanda zai fara da sayen sifika kafin ya je gaisuwa ya fara ta bai-bai.

Abin da zai iya tsayawa da ƙafarsa

Idan aka juya tsarin, lissafin na sauyawa. A ɗauka wurin gidan cin abinci ne da shayi wanda ke buɗe kullum, a bakin hanya, yana sayar da kifin kogin Wudil da tsire da fura ga matafiya da ɗalibai. Ranakun wasan ƙwallo a kunna talabijin. Da rana a ba da hayar zauren ga masu walima da taron ƙungiyoyin ɗalibai da liyafar kammala karatu. Waɗannan ne za su biya haya da albashi.

Kiɗa kuma ya zama na sau biyu a wata, daga bayan la'asar zuwa isha'i, a tsaya a yi magariba, da ɓangaren iyali daban. Maimakon mutum biyar daga nesa, a nemo mai kukuma ko mai gurmi da 'yan kalangunsa daga yankin, a yi yarjejeniya: gida ya ba da wuri da sauti da ɗan abin tabbas, ya riƙe kuɗin ƙofa da na abinci, liƙi kuma na makaɗi ne.

A irin misalin da ya gabata, kuɗin dare zai iya sauka zuwa naira 90,000. Mutum 60 a kan tikitin 1,000, da ribar abincinsu ta kimanin 40,000, sun kawo 100,000. Ribar naira 10,000 ba abin a zo a gani ba ce. Amfaninta shi ne daren bai ci uwar kuɗi ba, kuma wasu daga cikin mutum 60 ɗin za su dawo cin kifi ranar Talata.

A cikin wannan ne jaz zai iya samun ƙofar shiga. Wani ɗalibi mai jita ko mai fiyano ya zauna kusa da mai kukuma, a bar su su yi ta ba juna amsa na minti goma kafin mawaƙi ya karɓa. Abin da Mulatu Astatke ya yi a Habasha ke nan, ya ɗora jaz a kan sautin gargajiyar ƙasarsa har duniya ta san shi da shi. Bidiyon irin wannan haɗuwa a TikTok da YouTube na iya kai sunan gidan inda allon talla ba zai kai ba, ko da yake kuɗin da ke fitowa daga can ba abin dogaro ba ne a shekarar farko.

Akwai kuma masu ɗaukar nauyi. Kamfanonin sadarwa da na lemo da bankuna na neman ɗalibai, kuma sun fi sakin kuɗi ga taron da ya riga ya nuna yana tara jama'a fiye da wanda ke kan takarda.

Hanya mafi arha ta sanin gaskiya ita ce gwaji kafin gini. A karɓi izini, a yi hayar wani zaure na dare shida cikin wata uku, lokacin da jami'a ke karatu. A rubuta komai: mutum nawa suka biya, nawa aka shigar kyauta saboda sanayya, me aka saya, fuskoki nawa ne suka sake dawowa.

Daren farko zai cika, domin sabon abu ne kuma abokai za su zo kara. Na shida ne abin dubawa. Idan mutum 60 suka biya da kuɗinsu a ranar, akwai maganar da za a kai wa mai ba da haya ta shekara. Idan ba su kai 30 ba, asarar ta tsaya a hayar dare shida da man janareta da sallamar makaɗa.